Waƙar da na tsallake a fim ɗin kakana

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, na yi wa kakana ƙarya ba tare da na san ƙarya nake yi ba, tsohon ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba. A kan fim. Fim ɗin ma wanda ya girmi mahaifiyata.

Sai na fara gaya muku aikinsa, in ba haka ba ba za ku gane ba. Lokacin da Yamai ke da gidajen silima, irin waɗanda ba su da rufi, kakana shi ne mai ɗaukar bobin. Fim a wancan zamani ba a waya yake zuwa ba, a cikin gwangwanaye faffaɗa kamar faranti yake zuwa, biyar ko shida, kowane ɗaya wajen minti ashirin. Su ake kira bobin. Gidajen silima biyu na mutum ɗaya ne, fim ɗin kuma kwafi ɗaya, saboda haka wani gidan yana riga wani farawa. Da bobin na farko ya ƙare a nan, sai kakana ya ɗaure shi bayan mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, ya ruga da shi can, ya juyo ya jira na biyu. In ya makara ƴan kallo su hau fito da bugun benci. Shekara goma sha wani abu yana wannan aikin, kuma bai taɓa ganin fim ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Bobin na farko kaɗai yake gani cikakke. Sauran wutsiyarsu yake tararwa, minti uku ko huɗu, yana tsaye bakin ƙofa yana haki. Na ƙarshe ma in ya kai, ba a barinsa ya zauna, sai ya kwaso waɗanda aka gama ya mayar.

Kakata ce ke cika masa sauran. Ana barin ta ta shiga kyauta ta zauna a bencin gaba, washegari tana wanke-wanke tana ba shi labari. Bazabarma ce ƴar Tondibia, ba ta taɓa taka lakkwal ba, wato makarantar boko, Faransanci in ya wuce gaisuwa ba ta ji. Amma in ta ba ka labarin fim sai ka rantse da ita aka yi shi.

Fim ɗaya ne suka saɓa a kansa, kuma har ta rasu ba su daidaita ba. Tun ina ƙarama nake jin gardamar. Ana cikin shan shayi ko tsince shinkafa, ba gaira ba dalili sai ta ce, "Ta ɗauka."

Shi kuma ya ce, "Ba ta ɗauka ba. Da idona na ga ta taka shi."

"Kai da kake bisa hanya?"

"Ina bisa hanya, amma na ga ƙafarta."

Mun saba da abin kamar yadda muka saba da injin niƙan maƙwabta. Abin da na tsinta daga ciki shi ne: akwai wata mace, akwai saurayinta, akwai jan kallabi da ya ba ta. Ta jefar da kallabin gaban mutane, ta taka, ta kori saurayin. Daidai nan bobin na huɗu ke ƙarewa, kakana ya suri gwangwani ya hau mobilet. Kwana uku fim ɗin ya yi a Yamai, kwana ukun duk a nan yake fita. Kakata ta ce daga baya matar ta duƙa ta ɗauki kallabin. Shi ya ce wadda ta taka da irin wannan ƙarfin ba ta ɗauka.

Bayan rasuwarta, idonsa da dama ya yi nisa ya ƙarasa tafiya, mahaifiyata ta ɗauko shi ya dawo gidanmu a unguwar Lazaret. Ni da shi, kun san jika da kaka, ba ma magana sai da tsokana. Wata rana na dawo daga lise ya ji takuna ya ce, "Amarya."

"Na'am, tsohon miji."

"Wannan portabul ɗin da ba ya barin hannunki, an ce babu abin da babu a cikinsa."

"Ban da miji mai haƙora."

"Wannan kam kin makara. Fim nake son ki nemo mini."

Na ce ya ba ni sunan. Ba shi da suna. Su dai fim ɗin mai kallabi suke ce masa. Sunan ƴan wasa? Babu. Shekara? Ya ce shekarar da ya sayi mobilet ta biyu. Na ce, "Kaka, wannan ba nema ba ne, duba ne, sai dai mu je wurin mai bugun ƙasa." Sai ya gyara zama ya fara rera wani kiɗa da hanci, ba kalma ko ɗaya, a hankali, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Na ɗauki muryar na tura wa wani abokina da ke zuba wa mutane fina-finai a waya kusa da kasuwar Petit Marché.

Abokin nan ya yi mini dariya son ransa, amma bai share ba. Duk tsohon da ya zo shagonsa sai ya kunna masa. Mako uku ana haka, har wani mushe, malamin makaranta da ya yi ritaya, ya ji ya gane. Ranar da na je karɓa, abokina yana zuba mini shi yana bayani, shi dama akwai son bayani.

"Asalinsa ba fim ba ne, opera ne. Wasan dandali ne na Turawa da ake rera komai, ko ruwa mutum ke so sai ya rera. Da suka mai da shi fim sai suka yi rabi magana rabi waƙa. Maganar an juya ta da Faransanci, amma waƙoƙin suna nan da Ingilishi, kuma babu rubutu a ƙasa."

Na ce, "Waƙa ai ba matsala ba ce."

Da na san abin da bakina ya faɗa da na maimaita shi a hankali.

Na ɗauka kakana zai ce in kunna mu zauna tare. Ya ƙi. Ya ce, "Ni da ba ni gani me zan zauna yi? Ki kalla ki ba ni labari. Haka na saba." Ban ja ba, don na gane wurin wa yake so in zauna.

Ran Asabar bayan Azahar na shige ɗaki. An ɗauke kuran, ba wuta ba fanka, zafi kamar a tanda, cajin wayar ya kusa rabi, ga takardun jarrabawar bak jibge suna jirana. Na kunna. Kiɗa. Sunaye suna wucewa, kiɗa. Minti ɗaya, biyu, ba wanda ya fito ya ce uffan. Na sa babban yatsa na ja.

Kada ku yi saurin zagina. Ni na tashi a gidan da in aka fara waƙa a tele, mahaifiyata ke cewa a tashi a duba tukunya. Fim ɗin Indiya ne ko na Kano, waƙa lokacin shan ruwa ne, lokacin zagayawa ne, har salla mutum yakan yi ya dawo ya tarar suna nan suna zagaya itace da kaya na huɗu. Ba abin da ke wuce ka. Labari yana tsayawa ya jira a gama rawa. Abin da na sani ke nan, kuma da shi na shiga fim ɗin kakana. Duk wanda na ga ya ja numfashi ya ɗaga haɓa, kafin ya buɗe baki na wuce shi.

Ga abin da na gani. Wani gari ne bakin teku. Ita tana aiki a masana'antar kifi, shi ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa. Ya ba ta jan kallabi. Wata rana shugaban ƴan dako ya ci masa mutunci, ya naushe shi, mutumin ya faɗi bai tashi ba. Ƴan sanda suka shiga nemansa. Wani mai jirgi ya yarda ya fitar da shi, shi kuma ya kafe ya ce ba inda za shi in ba da ita ba, jirgin kuma ba ya ɗaukar mata. Sai ga ta gaban jama'a, ta ce masa mai masana'anta za ta aura, ta gaji da warin dako. Ta cire kallabin ta jefar, ta taka har da murzawa. Kiɗa ya taso. Na ja. Sai ga jirgi yana tafiya da shi. Bayan shekaru ya dawo ya same ta kwance a wani ƙaton gida ba lafiya. Ta buɗe baki za ta rera. Na ja. Tana rerawa. Na ƙara ja. Tana nan tana yi. Na ce wannan mai mutuwar ta fi ni numfashi. Na ja har na same ta ta mutu yana kuka a kanta. Shi ke nan.

Na fito da murnata na same shi a rumfa bisa tabarma.

"Albishirinka, tsohon miji. Ka ci. Ta taka, ba ta ɗauka ba. Kuɗi ta bi, Allah kuma ya kama ta."

Na jira ya yi dariya, ya ce ai ya faɗa. Shekara nawa yana neman shaida, ga shi na kawo masa har gida.

Ya ce, "Kin tabbata?"

"Da idona."

Ya ce, "To." Ya laluba ya jawo matashi, ya juya ya fuskanci bango.

Da yamma aka kai masa dambu, abin da in an yi sai an ɓoye na sauran mutane. Ya dawo yadda aka kai shi. Washegari kopto, kwaɗon zogale, ya taɓa sau biyu ya ture. Abin da ya fi damuna, na wuce ta gabansa sau uku ina jan takalmi da gangan, bai ce amarya ba.

Mahaifiyata ta tare ni a madafa ta ce, "Me kika gaya wa Baba?"

Na gaya mata. Na ƙara da cewa ni ban ga abin ɓacin rai ba, mutum ya ci gardama sai ya kama azumi?

Ta ajiye ludayi ta dube ni. Ta ce lokacin da silima suka fara rufewa, kakana ya zauna gida ba aiki. Wani abokinsa ya samo masa tuƙi a Abijan, ya ƙi tafiya, ya ce ba zai bar mata da yara ƙanana ba. Wata da watanni ana fama, har abinci ya fara gagara. Ran nan yana zaune ƙofar gida da abokansa, kakata ta fito, a gabansu ta ce ta gaji da ciyar da namijin da ba ya komai sai gadin tabarma, in bai tafi ba ita za ta koma Tondibia. Cikin makon ya tafi, ko sallama bai yi mata ba. Shekara huɗu ya yi.

"Ina da shekara tara," in ji mahaifiyata, "ina tsaye bayan ƙyaure. Da ya dawo ba wanda ya tayar da maganar, har yau. Amma kafin ya tafi ban taɓa jin zancen kallabi a gidanmu ba. Bayan ya dawo kakarki ta fara."

Na ce, "To me ya hana shi ya tambaye ta kai tsaye? Shekara talatin suna ɗaki ɗaya."

Ta ce, "Ke komai kai tsaye. Miƙo mini gishiri."

Na kwana ina juya abin. Ashe tsohon ba cin gardama yake nema ba, so yake a kayar da shi. Ni kuma na je na ce masa ya ci. Duk da haka ban zargi kaina ba, don abin da na gani na faɗa. Shawarar da na yanke ita ce in je in yi masa ƙarya, in ce na sake dubawa, ta ɗauka. Wa zai ƙaryata ni?

Na same shi bayan Magariba, kafin in buɗe baki ya ce, "Awa nawa ya ɗauke ki?"

"Me?"

"Fim ɗin. Kin shiga ɗaki bayan Azahar, kin fito ba a kira La'asar ba."

"Awa ɗaya da ƴan mintoci."

Ya ɗaga hannu yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. "Bobin shida ne. Sau shida nake zuwa, bayana ya sani. Awa biyu saura kaɗan. Ina kika kai bobin biyu?"

Na ce, "Waƙoƙi ne kawai na tsallake."

Na fara jin kunya ban san ta mece ce ba. Sai kafaɗunsa suka fara motsi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ruga na kawo ruwa.

"Ni mobilet ce ta hana ni," in ji shi. "Ke mene ne ya hana ki?"

"Babban yatsa."

"Gobe bayan Azahar ki kawo shi nan. Ke ido, ni kunne. In kika taɓa shi da yatsan nan sai na sake ki, saki uku."

Washegari na jingina wayar cikin kwanon silba don sautin ya ƙara ƙarfi, na zauna kusa da shi, na zauna bisa hannuwana don kada su ci amanata. Kiɗan farkon nan ya taso, sunaye suna wucewa.

Na ce, "Nan ba komai, sunaye ne."

"Yi shiru. Nan suke gaya miki komai. Saurara. Wannan mai zaƙin nata ne, duk inda kika ji shi ita ce, ko ba ta wurin. Wannan mai nauyin da ganga a ƙarƙashi, na masifa ne. Kin ji yadda ya shigo ya danne nata? To an gama gaya miki ba za ta ƙare da daɗi ba."

"Tun ba a fara ba? To me ya rage a kalla?"

"Yadda za a yi."

Ya ce da waɗannan kiɗe-kiɗen yake aiki. In ya dawo yana kashe mobilet bayan katanga ya ji wane ke tashi, ya san saura minti nawa bobin ya ƙare, ya san ko yana da lokacin shan ruwa. Mutumin da bai taɓa ganin tsakiyar fim ɗin ba ya haddace ƙasusuwansa da kunne.

Daga nan na zama ƴar tambaya, shi kuma abin ya yi masa daɗi. Matan masana'anta sun fi talatin, duk suka ajiye kifi suka kama waƙa ɗaya. Na ce yaushe suka koya, wa ya raba musu baiti? Ya ce ba mata talatin ba ne, gari ne, abin da gari ke faɗa a kanta ne suke rerawa. Na lura kuwa, duk suna kallonta ta gefen ido. Can ta tsaya tsakiyar kasuwa ta juyo ta kalle ni tana rerawa da iyakar ƙarfinta, saurayin yana taku biyu daga ita yana ɗaure buhu kamar kurma.

"Kaka, wannan ba ya ji ne? Ta kusa fasa mini waya."

"Wa take kallo?"

"Ni."

"To da ke take, ba da shi ba. In ta kalle shi tana rerawa, yana ji. In ta kalle ki, cikinta ne ke magana, ko a kafaɗarsa take ba zai ji ba. Doka ce."

"Wa ya kafa ta?"

"Wanda ya kafa cewa kura na magana a tatsuniya."

Ya kuma kama wani abin da ni ban kama ba. Ya ce muryar da ke magana daban, muryar da ke rerawa daban, kuma yana zaton mai fuskar ma ba ita ce ko ɗaya daga ciki ba. Na saurara, gaskiyarsa. Na ce to mata uku ke nan a jiki ɗaya, wacce ce ta gaskiya? Ya ce, "Mai rerawa. Mai magana tana iya yi miki ƙarya. Ban taɓa jin wanda ya juyo ya rera ƙarya ba."

Ban san lokacin da na daina zama bisa hannuwana ba. Cikin waƙoƙin da na tsallake ashe nan aka yi rabin aikin. Cikin waƙa ya ba ta kallabin. Cikin waƙa ta ga ƴan sanda suna nuna ƙofar ɗakinsa. Cikin waƙa ta je ta durƙusa wa mai jirgi, ni da na zaci shi ne ya ga dama ya taimaka don kansa. Ba na jin kalma ɗaya, amma ina gani, ina faɗa masa, shi kuma yana gaya mini kiɗan wa ke tashi.

Muka iso wurin. Ta faɗi maganganunta da Faransancin nan mai kaifi, na fassara masa su duka, ban rage ba. Ta cire kallabin. Ta jefar. Ta taka.

"Nan nake fita," in ji shi. Ya laluba ya kama wuyan hannuna, ba na jin ya san ya yi.

Kiɗa ya taso. Na ce, "Kowa ya tsaya."

"Kamar yaya?"

"Kamar an dasa su. Mai ɗaga hannu ya tsaya da hannu a sama. Shi ya ba ta baya, ƙafarsa ɗaya a gaba. Haske ya ragu, ita kaɗai ake gani sosai."

"Wa take kallo?"

"Ni."

Ta fara rerawa. Na ji yatsunsa sun ƙara matse ni. Ya ce, "Wannan na bobin na farko ne. Na ranar da ya ba ta. Sun rage masa gudu." Shi ne kiɗan da ya rera mini da hanci, na gane shi.

Ta ɗage ƙafarta. Ta duƙa a hankali, tana rerawa, ta ɗauke shi. Ta kaɗe ƙasar da ke jiki, ta kai shi fuskarta ta daɗe a haka. Ta ninke shi ƙarami ƙarami. Ta miƙa hannu kamar za ta taɓa bayan saurayin, ba ta taɓa ba. Waƙar ta ƙare, haske ya dawo, kowa ya ci gaba da motsi, ita tana tsaye inda take da fuskar nan kamar dutse, shi ya wuce bai waiwayo ba. Ƙasa wayam, ba kallabi. Ko a kallon farko da na duba ƙasa da na gani.

Na ce, "Ta ɗauka."

Bai motsa ba. Can ya ce, "Ina ta sa shi?"

"Cikin rigarta. Nan, a ƙirji."

"Haka kakarki ta ce." Ya saki hannuna, ya shafa fuskarsa daga goshi zuwa gemu. "Yanzu na ba ki izinin yatsan. Mai da shi baya."

Sau uku na mayar. Kowane zuwa sai na faɗa masa daga farko, ta ɗage ƙafa, ta duƙa, ta kaɗe, kamar bai ji ba ɗazu. Aka kira La'asar, muka yi salla muka dawo muka ƙarasa. Waƙar mutuwar nan da na yi wa ba'a, minti bakwai ce, na duba. A cikinta ne ta zaro kallabin daga ƙarƙashin matashi, ya koɗe ya zama kalar ƙasa, ta sa masa a hannu. Wannan karon shi take kallo.

Kakana ya ce, "Ya gani?"

"Ya gani."

"Shi ya yi sa'a."

Muka zauna har sunaye suka gama wucewa, ban taɓa komai ba. Sai ya ce, "Amarya, dambun nan na ran Asabar, an zubar?" Na ce tsohon miji, dambun kwana uku ko akuya sai ta yi shawara. Mahaifiyata tana jin mu daga madafa, na ji ta sauke madambaci.

Daga baya na tambaye shi abin da ya tsaya mini. Ni ina jin Faransanci, na ji duk abin da aka faɗa a fim ɗin, na fito da labarin banza. Kakata ba ta jin ko ɗaya daga harsunan biyu, ta fito da na daidai. Ta yaya? Ya ce ai ita da tatsuniya ta tashi. Ya ce in tuna waɗanda take yi mana, a ina asiri ke tonuwa? Na tuna. Yarinyar da aka cuta ba ta zuwa gaban mutane ta yi bayani, waƙa take yi, sau uku, har wani ya tsaya ya saurara. Kuma ba a taɓa yin yaron da ya ce wa kakarsa ta tsallake waƙar ta faɗi abin da ya faru ba. Na san dokar tun ina cikin zanin goyo, tele ce ta mantar da ni.

Abokina ya ce zai nemo mana fassarar waƙar. Na gaya wa kakana, ya ce a bar ta, ya riga ya ji. Ni ma har yau ban nema ba, duk da son sanina, kuma ban san dalili ba.

Ya ƙara shekara biyu tare da mu. Bai sake neman fim ɗin ba, bai kuma taɓa tayar da zancen Abijan ba, ni ma, abin mamaki, na iya riƙe bakina. Amma ba zan ɓoye muku ba, wata rana da ba kowa a gida na buɗe akwatin kakata na zazzage shi kaf, ina neman wani abu da ta ɓoye, hula ko tsohon makullin mobilet, wani abu dai. Zannuwa ne da kafur da carbi biyu. Ba komai. Na mayar da su ina jin haushin kaina. In ma ta ɗauki wani abu ran nan, ba wanda aka dasa, ba hasken da ya ragu, kuma wadda ke bayan ƙyaure shekararta tara.

Ban canza hali ba, kada ku ɗauka. Har yanzu saƙon murya da gudu biyu nake sauraronsa, mai dogon bayani kuma ina katse shi. Abu ɗaya ne ya shige ni. In mahaifiyata ta gama wanke ni tas, ta ce in ɓace mata da gani, ta juya baya, da can kafin ta rufe baki na kai ƙofar gida. Yanzu nakan tsaya bakin madafa kaɗan, ba ta san ina nan ba, in ga abin da hannunta zai yi.